Yadda ake canza sitod ɗin taya idan ya karye, ba sai an je wajen mai walda ba

Ni abin ya same ni ne a hanyar Zariya, dab da Kwanar Ɗangora. Tayar gaba ta ɓangaren direba tayi faci, na sa safaya na lallaɓa har wajen wani mai faci a bakin titi. Faci kam yayi shi lafiya lau, wajen ɗaurewa ne aka samu matsala, yaronsa ya zura wani dogon fayif a jikin wil-sifana ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle kamar mai taka ƙasar gini. Yana kan noti na huɗu sai ji mukayi ƙas! Noti ya faɗo ƙasa da guntun ƙarfe maƙale a cikinsa. Ogan ya ɗauka ya jujjuya yace min "Alhaji ba komai wallahi, huɗun nan ma sai su kaika Legas." Ban je Legas ba, gida na juyo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, washegari da safe na canza shi da kaina a ƙofar gida, kuma tun daga lokacin na canza wa mutane da dama.

Sitod shine ƙarfen nan mai zare da ya leƙo daga jikin hob (faifan ƙarfen da yake juyawa tare da taya), wanda kake rataya taya a kansa sannan ka ɗaura noti. Ba walda akayi masa ba kuma ba murɗa shi akayi a ciki ba, cusa shi akayi da ƙarfi ta baya. A wuyansa akwai wasu ƙananan haƙora da suke cizon ramin hob ɗin, bayansu kuma kai ne mai faɗi kamar na ƙusa wanda yake hana shi zarcewa. Idan ka gane wannan ka gane aikin gaba ɗaya, tsohon za ka tura ya fita ta baya, sabon ka jawo shi ya zauna daram.

Kafin komai duba motarka tukuna, don ba kowace mota ce take da sitod ba. Golf, Peugeot, Marsandi da BMW bol ne da su, kana kwancewa gaba ɗayansa yake fitowa ya bar rami a hob. In irin wannan ne ya karye maka a ciki to wannan wani karatun ne daban, sai an haƙo guntun. Maganar da nake yi ta masu Toyota ce da Honda da Nissan da Hyundai da ire-irensu. Tawa Corolla ce 'yar Amurka ta 2005 mai noti biyar, da ita zan riƙa misali.

Sannan tambayar da kowa yake yi, ana iya tafiya a haka? In biyar ne ɗaya ya tafi, sauran huɗun kuma a ɗaure suke, za ka iya lallaɓawa zuwa gida ko gareji, ba gudu ba lodi. Amma ba a mayar da shi zama. Nauyin da biyar suke rabawa yanzu huɗu ne suke ɗauka, na kusa da wanda ya karye su suka fi jin jiki, kuma dama ƙafar da ta karya wancan ita ce ta taka su. Mai noti huɗu kuwa in ya rasa ɗaya, ko mai biyar ya rasa biyu, ni dai bana ba shi shawarar ya hau babban titi.

Sayen sabo

Ka tafi da guntun da ya karye da kuma noti ɗaya mai lafiya. In a Kano kake Ƙofar Ruwa, Kaduna Panteka, Abuja kuma Apo, duk za ka samu, kuma ba wani abu ne mai tsada ba. Inda mutane suke faɗawa rami shine su ga kauri ɗaya ne sai suce ai duk ɗaya ne. Toyota da Honda zarensu M12 ne mai tazarar 1.5, Nissan da Subaru kuma M12 mai tazarar 1.25, a ido ba za ka bambance ba amma noti zai hau zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Ko Toyota da Honda da zarensu ya zo ɗaya wuyan ba ɗaya bane, na Toyota yafi kauri, in ka sa na Honda a hob ɗin Toyota lilo zai riƙa yi a ramin. Don haka a gaban mai shagon ka ɗaura notinka a kan sabon da hannu kawai, ya tafi sumul har ƙasa ba tare da ya tsaya ba, sannan ka gwada wuya da wuya, tsawo kuma ka gwada da na jikin motar don wasu motocin na gaba da na baya ba tsawonsu ɗaya ba.

Kar ka sayi ɗaya tal. Ni uku nake saye, wanda ya karye da maƙwabtansa biyu, in kuma na duba naga duk an wahalar da su sai in canza biyar ɗin in huta, tunda dai an riga an kwance birki. Ka haɗa da sabon noti irin na motarka sak. Notin rim ɗin aloy na Toyota mai washa ne a jiki, na Honda gindinsa zagaye ne kamar ƙwallo, wasu kuma tsini ne da su, ba a cakuɗa su. Sai abu na ƙarshe wanda shine sirrin aikin, noti ɗaya buɗaɗɗe wanda bol yake iya zarcewa ta cikinsa, mai zare irin na sitod ɗin, da washoshi masu kauri guda huɗu ko biyar waɗanda za su shige sitod ɗin a sake.

Sauran kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Jak, abin tokare mota, wil-sifana, soket 21 in Toyota ce ko 19 in Honda ce, sifana 14 da 17 na birki, guduma mai ɗan nauyi, fanci ko wani tsohon bol da za ka bi guntun da shi, 'yar waya ko igiya, burushin ƙarfe, WD-40, da ɗan giris. In kana da tok-renci, wato sifanar da take auna ƙarfin ɗauri, ko za ka iya aro wajen wani bakanike, to ka gama morewa.

Ɗaga mota da kwance birki

Ka samu waje mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, siminti ko kwalta, ba cikin yashi ba. Ja birkin hannu, sa giya a P ko lamba ɗaya, ka sa weji gaba da bayan tayar da take kusurwar da ta saɓa da wadda za ka ɗaga. In tayar baya za ka yi wa aiki to dole ka saki birkin hannun in ba haka ba dirom ba zai fito ba, kaga kenan wejin ne kaɗai yake riƙe maka mota, ka sa shi da kyau a tayoyin gaba.

Sassauta notocin tun taya tana ƙasa, rabin zagaye ya isa. Sannan ka ɗaga. Dan Allah kar ka yarda da jak shi kaɗai, aikin nan akwai duka akwai jijjiga, jak ɗin da yake zuwa da mota kuwa na canza taya ne na minti biyar. Ka tokare da jak-stan, in babu ka samu katako mai kauri, bulon siminti yana iya farfashewa ba sallama. Tayar da ka cire ka turata ƙarƙashin motar a kwance, ko da wani abu ya zame a kanta zata sauka ba a kan ƙafarka ba.

Yanzu murza sitiyari yadda bayan kalifa, wato ƙarfen birkin da yake kama dis, zai fuskance ka. In tayar gaba ce a mota mai jan gaba, mayar da giya N tun yanzu, in ba haka ba hob ba zai juyu da hannu ba. Za ka ga bol biyu ƙanana da suke riƙe kalifar, da wasu biyu manya a can ciki da suke riƙe gadonta a jikin nakul, ƙarfen da hob yake zaune a jikinsa. A Corolla ƙananan 14 ne manyan 17. Manyan suna da tauri, nan ne in kana so kayi amfani da fayif ɗin nan, wajen kwancewa ba wajen ɗaurewa ba. Idan kalifa ta fito ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kar ka barta tana reto a jikin tiyon man birki, tiyon zai iya lalacewa ta ciki ba ka gani ba. Kuma daga yanzu har ka mayar da ita kar wanda ya taka birki. In akwai yara a gidan kar ka bari su shiga motar, taku biyu uku ya isa fistin ya fito waje mai ya zube, aikin awa ɗaya ya koma na yini.

Sai dis, faifan da birki yake kamawa. Wani kana ja zai taho, wani kuma tsatsa ta riƙe shi gam. Fesa masa WD-40 a zagayen tsakiya ka ɗan jira, ka bubbuga tsakanin sitod da sitod, ba fuskar da birki yake kamawa ba. Yawancin na Toyota akwai ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskarsa, ka samu bol M8 guda biyu ka riƙa ɗaura su bi da bi, za ka ji ya yi ƙara ya saki da kansa. Masu Honda ku kuma akwai sukurori biyu da suke riƙe dis ɗin, masu taurin kai ne, ka danna sukundireba da ƙarfi kana bugun bayanta kafin ka murɗa, in ka bari kan ya cinye ka jawo wa kanka aikin diril.

Fitar da guntun

Ga hob nan tsirara a gabanka. Leƙa bayansa, akwai wani farantin ƙarfe marar kauri mai tare ƙura, kuma akwai nakul. Juya hob ɗin da hannu har kan sitod ɗin da ya karye ya zo daidai inda babu abin da ya tare shi ta baya, yawanci wajen da ka cire kalifa ne. In baka yi haka ba za ka yi ta dukansa yana cin karo da ƙarfe kana cewa ya ƙi fita.

Hanyar da tafi lafiya ita ce matsa shi da abin cire bol-join, ka ɗora shi ka ɗaure bol ɗinsa a hankali har sitod ya fice, babu duka ko ɗaya. Amma gaskiya mu nan guduma muka sani. To in guduma ce, ka sani duk dukan da kayi boris ɗin da yake bayan hob yana ji a jikinsa, kuma a can kusa ne na'urar ABS take. Duka biyu ko uku masu kyau a tsakiyar guntun, a miƙe, sun fi ƙananan duka talatin. Fesa mai a wuyansa tukuna, in ya karye ne daidai da fuskar hob ka ɗora fanci ka buga. Sauran sitod ɗin da ba za ka canza ba ka ɗaura musu notoci a baki, don guduma tana kuskure, ni kaina na taɓa tauye zaren wani mai lafiya a haka. In ka yi duka biyar shida bai motsa ba ka tsaya, ka ƙara mai ka sha ruwa ka dawo, ko ka nemo abin matsawar, kar zuciya ta sa ka sayi boris.

Da ya faɗo, goge ramin da burushi ka haska fitilar waya ka duba. Ya kamata kaga sawun haƙora a zagaye kuma ramin bai zama kamar ƙwai ba, babu tsagewa. In sabon sitod ya shige har wuya da hannu kawai yana juyawa a ciki, ko dai ba nasa ka sayo ba ko ramin ya buɗe. In ramin ne, hob za a canza, magana ta ƙare. A nan ne wani zai ce maka kawo a ɗiga masa walda ta baya. Kar ka yarda. Sitod ƙarfe ne da aka gasa aka ba shi taurinsa daidai gwargwado, wutar walda tana ɓata wannan taurin, zafin kuma yana bi ya narkar da giris ɗin boris, sannan ranar da ya sake karyewa babu mai iya fitar da shi.

Wasu motocin, musamman gaban Accord da Civic da yawa, babu sararin da dogon sitod zai shiga ta baya, nakul ya tare hanya. Guntu yana fita don shi gajere ne, sabon kuma ya ƙi shiga. Za ka ga ana ɗan goge gefe ɗaya na kan sabon da giranda don ya wuce. Kaɗan a gefen kai yana yi, mutane da yawa suna yi, amma in sai an cinye rabin kan ko an fara sassaƙar nakul ɗin kansa, gara a kai gareji a zare hob da fires, injin matsa ƙarfe. Ka sani dai zare hob sau da yawa yana tafiya da boris, ka shirya kuɗinsa.

Zaunar da sabon, nan ne aikin yake

Zura shi ta baya, ka ɗan jujjuya shi da yatsa har ka ji haƙoransa sun faɗa sawun tsofaffin. Ta gaba kuma jera washoshinka a kansa, ka shafa ɗan giris tsakanin washa da washa da kuma fuskar buɗaɗɗen notin nan, don ya riƙa zamewa maimakon ya riƙa ci. Ɗaura notin da shimfiɗaɗɗen gefensa a kan washa. Dalilin da yasa nace buɗaɗɗe, notin taya na Toyota rufaffe ne, sitod zai je ya daki rufin ka ɗauka ya zauna alhali da saura, kuma jan nan yana wahalar da noti, bai kamata wanda zai riƙe maka taya ya sha wannan wahalar ba.

Hob zai so ya bi ka yana juyawa. Sa dogon ƙarfe tsakanin sitod biyu masu noti a baki, ƙarshensa ya tokari ƙasa. Sai ka fara ɗaurewa da hannu, a hankali, ba da injin iska ba. Kayi zagaye biyu ka leƙa baya, za ka ga kan yana matsowa kaɗan kaɗan. Ci gaba. Zai yi nauyi daidai wa daida yayin da haƙoran suke shiga, sannan lokaci ɗaya ka ji sifana ta tsaya cak, to kan ya iso. Nan za ka tsaya, duk abin da ka ƙara bayan wannan miƙar da sabon sitod kake yi, wato abin da yaron mai faci yayi wa tsohon.

Yanzu haska fitila a baya ka duba da kyau, zagaye gaba ɗaya. Kan ya kwanta a jikin hob babu ko siririn haske a tsakani. Ni har takarda nake gwada zurawa, in ta shiga to da saura. Mutane suna raina wannan ɗan sararin, su ce ai in an ɗaura taya zai ƙarasa shiga da kansa. Eh zai ƙarasa, amma a kan hanya zai ƙarasa, kuma duk abin da ya matso noti ya sassauta kenan da wannan gwargwadon, ka ɗaure taya tsaf a gida ka je Kwanar Dawaki ka tarar noti yana juyawa da yatsa.

Kwance notin ja, cire washoshi, ka goge zaren da tsumma da ɗan fetur har ya bushe. Zaren sitod a bushe ake ɗaure shi, ba giris ba baƙin mai. Na san masu faci suna son ɗiga baƙin mai wai don ya yi sauƙin kwancewa, amma zare mai santsi yana sa ƙarfin da ka saba sawa ya ja sitod fiye da ƙima.

Mayar da kaya

Kankare tsatsar fuskar hob da ta cikin dis kafin ka haɗa su, ɗan datti a nan shi yake sa sitiyari rawa in ka taka birki. Mayar da dis, in giris ya taɓa fuskarsa ka goge. Mayar da gadon kalifa ka ɗaure manyan bol ɗin nan sosai, sannan kalifa, ka tabbata tiyo bai murɗe ba. Ɗora taya, ka fara kowane noti da hannu, zagaye huɗu biyar kafin sifana ta taɓa shi. Wanda ya cije tun farko kwance shi ka sake, kar ka tilasta.

Ɗaurewa kuma ba a bin su a jere. Ka ɗaure wannan ka tsallaka na can gefe, kamar kana zana tauraro, in huɗu ne kuma gicciye. Ka ɗan kama su tun tana sama, sauke mota, sannan ka ƙarasa. Ƙarfin ɗauri a tok-renci, Corolla da Camry 103 Nm ne, yawancin ƙananan Honda 108, naka kuma yana cikin littafin motar. Don ka gane abin da ake nufi, mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita ɗaya ya sa kusan 690 kenan, kusan ninki bakwai, tun bai fara tsalle ba. Wil-sifanar da kamfani ya saka a but da gangan aka yi ta gajera. In babu tok-renci, ita ɗin da ƙarfin hannunka biyu, ka danna har ta tsaya, ya wadatar, ba ƙafa ba fayif.

Wani abu da na ga ya karya sitod da yawa a tasha, masu Canter da Isuzu da makamantansu, da yawansu notocin ɓangaren hagu zarensu na hagu ne, za ka ga an buga L a kan sitod ɗin. Yaro bai sani ba yana ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, har ya tsinke.

Kafin ka motsa motar taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, don wajen cire kalifa fistin yana ɗan komawa ciki, takun farko sai ya tafi ƙasa fanko, kar a bakin get ka gano haka. Zagaya unguwa a hankali kana saurare, in ka ji ƙarar gogar ƙarfe yawanci farantin ƙurar nan ne ka lanƙwasa yana taɓa dis, tura shi baya da sukundireba.

Bayan kayi kamar kilomita 50 zuwa 100, misali ka je Wudil ka dawo, sake bin notocin da sifana, musamman na kan sababbin. In ya ɗan motsa kaɗan a karon farko ba abin tashin hankali bane, ɗaure shi ka sake dubawa bayan kwana biyu. In a karo na biyu ma ka same shi a sake, cire taya da dis ka leƙa bayan hob, ko kan bai gama zama ba ko yana juyawa a raminsa. Ka duba ramin rim ɗin ma, in ya buɗe ya zama kamar ƙwai saboda an daɗe ana tafiya da noti a sake, to rim ɗin ne yake ci maka sitod, shi za ka canza.